Tukunyar busa taya a bayan mota: yadda ake cika ta, yadda ake ɗaura ta, da inda haɗarin yake

Duk direban da ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Kusiri da rani, ko ya tsallaka busasshen mayo da kaya niƙi-niƙi a bodi, ya san dokar rairayi: in kana son ka wuce, sai ka sassauta wa taya iska. Tayar da ke ɗauke da kilo biyu da rabi a kan kwalta, in ta shiga yashi mai laushi haƙa rami take yi har mota ta zauna a kan cikinta. Amma in aka rage ta zuwa kilo ɗaya da ɗan wani abu, sai ta baje kamar tafin raƙumi, nauyin mota ya bazu, a wuce lafiya. Masu zuwa Faya daga Injamena da wannan dabarar suke ratsa tuddan yashi, haka ma masu shiga yankin Logon bayan ruwa ya janye.

Wahalar tana zuwa ne bayan an fito. Tayar da aka sassauta ba ta son kwalta kuma ba ta son gudu. Gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, in aka matsa mata ta fashe. Ga shi kuma ba kowane bakin daji ke da mai faci ba. Saboda haka dole direba ya tafi da abin mayar da iskarsa: ko famfon hannu, ko ƙaramin kwamfuresa mai jan wuta daga batir, ko kuma wata 'yar tukunyar ƙarfe da na fara gani a bayan wasu Hilux da Land Cruiser a 'yan shekarun nan, wadda ke cike da iskar kabon dayoksaid, an rubuta CO2 a jikinta.

Ni malamin makaranta ne, kuma da yawa daga iyayen yaran da nake koyarwa direbobi ne, ko bakanikai, ko masu walda. Su suka fi ni sanin mota nesa ba kusa ba. Abin da zan iya kawowa shi ne ɓangaren da muke karantarwa a darasin kimiyya, domin wannan tukunya tana da wata ɗabi'a da ido ba ya gani, kuma zafin ƙasarmu yana tsokanar ta.

Daga ina abin ya fito

Asalin wannan dabara Amurka ce. A can akwai mutanen da nishaɗinsu shi ne hawa duwatsu da ratsa sahara da motoci irin su Jeep, a wurare kamar Mowab da ke jihar Yuta da hanyar Rubikon da ke Kalifoniya. Tayoyinsu manya ne ƙwarai, kuma kowace fita sai sun rage iska sun mayar. Ƙaramin kwamfuresa yana ɗaukar mintoci kafin ya cika taya guda, yana zafi, wani lokaci sai an jira ya huce. Tukunyar CO2 kuwa cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka ta gama da taya, ba ta buƙatar batir, ba ta buƙatar inji ya tashi. Har kamfanoni suka kafu a kan sana'ar, irin su Power Tank, suna sayar da tukwanen alminiyam masu ɗaukar fam 10, 15 ko 20, wato kusan kilo 4.5, kilo 6.8 da kilo 9.

Su don wasa suke yi, mu kuwa neman abinci ne ke kai mu daji. Sannan a can kusan kowane gari akwai shagon kayan walda ko na tukwanen kashe gobara da zai cika maka tukunya bisa ƙa'ida, ya kuma ƙi karɓarta in lokacin gwajinta ya wuce. A nan sau da yawa kaya ne ke isowa, ƙa'idar ta tsaya a can.

Abin da ke cikin tukunyar

CO2 ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ita ce ke kumfa in ka buɗe lemun kwalba, ita muke fitarwa in mun numfasa. A aji nakan jiƙa kanwa a kofi, in matsa lemun tsami a kai, ya yi ta kumfa. In na karkata kofin a hankali a kan kyandir mai ci, ba tare da ruwan ya zubo ba, sai wutar ta mutu. Yara su yi ta mamaki. Abu biyu suke koya a nan: wannan iska ba ta ciyar da wuta, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, kusan sau ɗaya da rabi, shi ya sa ake iya zuba ta kamar ruwa.

A cikin tukunya kuwa an matse ta har ta zama ruwa. Ruwan yana ƙasa, tururinsa yana sama. In ka buɗe bawul, tururin ya fita, sai ruwan ya tafasa ya maye gurbinsa. Wannan ne sirrin yawanta: kilo ɗaya na ruwan CO2 yana ba da iska fiye da lita 500.

Kafin mu ci gaba, a raba kalmomi biyu. Kilon da mai faci ke faɗa in ya ce “na sa maka kilo biyu” ma'aunin matsi ne, kuma kusan daidai yake da bar. Kilon da ake cika tukunya da shi kuwa nauyi ne, irin na sikeli. Daga nan zan riƙa cewa bar in ina nufin matsi. In agogonka na Amurka ne mai rubutun psi, bar ɗaya psi 14.5 ne.

A zafin digiri 20, matsin da ke cikin tukunyar CO2 yana wajen bar 57, fiye da na tayar mota sau ashirin. A digiri 30 ya kai wajen bar 72. Da zarar an wuce digiri 31, sai bambancin ruwa da tururi ya ɓace, abin da ke ciki ya zama abu guda ya cika tukunyar, daga nan kuma matsin yana hawa da sauri gwargwadon yawan abin da aka ɗura. Tukunyar da aka cika daidai ƙa'ida, in ta kai digiri 50 matsinta ya zarce bar 130. Shi ya sa masu ƙera ta suke cewa kada a bar ta ta wuce wajen digiri 50. To, mu da ke Marwa da Garwa da Kusiri, inda a watan Maris da Afrilu inuwa kanta ke wuce digiri 40, mun san me ƙarfen da aka bari a rana yake zama. Cikin motar da aka rufe gilashinta kuwa yana iya haura digiri 60.

Lissafin allo

Wani zai tambaya, tukunya ɗaya taya nawa take busawa? Mu yi lissafi. Tayar akori-kura mai lamba 265/70 R16 tana da sarari a ciki na wajen lita 65. In za ka ɗaga ta daga bar 1.2 zuwa bar 2.5, ƙarin bar 1.3 ke nan, wato iska wajen lita 85. Lita ɗaya ta CO2 tana da nauyin giram 1.8, saboda haka taya guda ta ci giram 150 da 'yan kai, huɗu kuma sun ci giram 600 da wani abu. Tukunyar kilo 5 za ta ba ka wajen zagaye bakwai ko takwas na tayoyi huɗu. In motarka na ɗauke da kaya har tayoyin baya na buƙatar bar 4, zagayen zai ragu sosai.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne agogon da ke kan tukunyar. Muddin akwai ko da cikin kofi ɗaya na ruwan CO2 a ƙasa, allurar tana nan inda take, zafi da sanyi kawai ke motsa ta. Sai ruwan ya ƙare ƙaf sannan ta faɗi, a lokacin kuma saura kaɗan. Hanya ɗaya ce ta sanin abin da ya rage: a ɗora ta a sikeli. A wuyan kowace tukunya ta gaskiya an buga nauyinta in babu komai a ciki, da haruffan TARE ko TW. Ka cire wannan daga abin da sikeli ya nuna, ka kuma cire nauyin kan da ka ɗaura mata, abin da ya saura shi ne guzurinka. Ƙaramin sikelin rataya irin na masu sayar da nama ya isa.

Ciko: a nan gyara ba alheri ba ne

Manyan kamfanonin iskar masana'antu suna Duwala, tazarar fiye da kilomita 1,300 daga Marwa ta mota. Wanda ke arewa yakan nemi masu cika tukwanen kashe gobara ko masu sayar wa masu walda iska. Ko ina ka je, ga abin da ya kamata idonka ya gani.

Mai ciko zai fara duba jikin tukunya: tsatsa, lotsawa, alamar wuta ko walda. Zai duba watan da shekarar da aka buga na gwajin ƙarshe, wanda ake yi ta hanyar matsa mata ruwa fiye da ƙarfin aikinta a ga ko za ta jure. A Amurka duk shekara 5 ake wannan gwaji, a Turai duk shekara 10. Daga nan zai zubar da ragowar da ke ciki, ya ɗora ta a sikeli, ya ɗan ɗura kaɗan ya saki don ta yi sanyi, saboda ruwan CO2 ya fi saurin shiga tukunya mai sanyi. Sannan ya ɗura daga babbar tukunya ko da famfo, idonsa a kan sikeli, ya tsaya daidai nauyin da aka rubuta. A ƙa'idar Amurka, tukunyar da za ta ci kilo 10 na ruwan sha, kilo 6.8 na CO2 kawai ake zuba mata. A Turai ana kai giram 750 a kowace lita ga tukwanen da aka gwada da bar 250. Sararin da aka bari a sama shi ne wurin da ruwan zai buɗe in ya ji zafi.

Mun saba a kasuwa in aka auna maka gero a ƙara maka gyara, ka yi godiya. A nan gyara masifa ce. A wani watan Afrilu, wani direba da muke sallah masallaci ɗaya ya faka motarsa a rana, gilashi a rufe, tukunyarsa na kwance a bayan kujera, muka shiga Juma'a. Ana cikin huɗuba muka ji wata ƙara kamar an tsaga kwano, sai tsiwa mai ƙarfi ta biyo baya. Da aka idar muka tarar motar ta yi fari fat daga ciki, tukunyar ta yi ƙanƙara a jiki, babu ko giram a cikinta. Da na tambaye shi yadda aka cika ta, sai ya ce, “Malam, ai mutumin kirki ne, har kilo guda ya ƙara mini a kan kuɗina.” Na ce, “Alhaji, gode wa Allah da ba kowa a ciki.” Ya yi shiru, don da safen nan ya kai 'ya'yansa makaranta a wannan motar.

Abin da ya tsage ɗin wani ɗan faifan ƙarfe ne siriri da ke gefen bawul, wanda aka yi shi musamman don ya fashe in matsi ya kai wajen bar 200, gwargwadon irin tukunyar. Shi ne ke sadaukar da kansa don kada tukunyar ta tarwatse. In ya fashe, irinsa mai lamba ɗaya ake nema a mayar. Wanda ya toshe ramin da noti ko ya lanƙwasa kwabo ya cusa, ya mayar da tukunyarsa bam.

Sai maganar baki. Bakin tukunyar Amurka, mai lamba CGA 320, zarensa daban ne da na tukwanen Turai da aka fi samu a nan. Akwai mahaɗin tagulla da aka ƙera don haɗa su, shi za ka nema. Kada ka yarda a matsa zaren da bai hau ba da ƙarfin sifana, kada kuma a kai wa mai walda ya ƙera wani. In an gama ciko, ka auna da sikelinka kafin ka biya, ka shafa ruwan sabulu a bakin bawul ka ga ko yana kumfa.

Tukwanen da ba nata ba

Araha ba ta ado, a nan ma ba ta barin rai. Na ji masu tunanin ɗura CO2 a tukunyar gas ɗin girki mai kilo 12.5, tunda ga ta nan a kowane gida. Butan ɗin da ke cikinta ko da zafi matsinsa bai wuce 'yan bar kaɗan ba, ita kanta tukunyar da wajen bar 30 ake gwada ta. CO2 kuwa daga bar 57 take farawa. Babu ɗan faifan da zai cece ka, jikin ne zai yage. Haka tukunyar kashe gobara mai gari, wadda jandarma ke tambaya a shingen hanya: ƙarfenta siriri ne, matsin aikinta wajen bar 15 ne.

Tukunyar kashe gobara mai CO2, wadda ke da baƙin ƙaho, jikinta yana da ƙarfin da ake buƙata, amma an saka mata bututu har ƙasa don ta fitar da ruwan kai tsaye. In ka haɗa ta da taya, ruwa mai sanyin da ke ƙona fata ne zai bi tiyo. A bar ta da aikinta.

Mafi muni duka shi ne a busa taya da tukunyar oksijin ta mai walda. Oksijin a matse in ta haɗu da mai ko giris ko roba, wuta ce ke tashi ba tare da ashana ba. A tsarin launi na Turai, kafaɗar tukunyar oksijin fara ce, ta CO2 ruwan toka, ta nitirojin baƙa. Amma mun san fenti a garejinmu abin da ya samu ne ake shafawa. Rubutun da aka buga a jikin ƙarfe da takardar da ke manne su ne shaida.

Kan rage matsi ma haka. Abin da muke kira detanda a tukunyar girki, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce regileta, na girki ba ya aiki a nan ko kusa. Ana buƙatar wanda aka ƙera don CO2, mai saukar da matsi zuwa wajen bar 10, mai faɗin hanya yadda ba zai daskare ba in iska na gudu da yawa.

Yadda ake ɗaura ta

Tukunyar ƙarfe mai kilo 5, in ta cika, nauyinta duka yana kusa da kilo 15. A hannu ba wani abu ba ne. Amma ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙananan motoci masu aiki da gas ta ce mariƙin tukunya sai ya jure ninki 20 na nauyinta in an yi karo ta gaba, da ninki 8 ta gefe. An rubuta ta ne don tankunan mai na gas, amma lissafin ɗaya ne: kilo 15 ɗinka ya zama kilo 300 a lokacin karo, buhu uku na masara suna tahowa ta bayan kanka. Igiya da robar tsohon tiyub, waɗanda muke ɗaure komai da su, ba za su riƙe wannan ba.

Mariƙi na ƙarfe ake yi, mai gindin da tukunyar za ta zauna a ciki da maɗauri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a shimfiɗa roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada girgiza ta ci jikin tukunyar. A ɗaure shi da manyan noti da suka ratsa ƙarfe mai kauri, a sa faranti ta baya don kada notin ya yage kwanon bodi. Mai walda ya yi aikinsa a kan mariƙi kaɗai, tukunya tana nesa. Wuta ba ta taɓa jikin tukunya ko da ɗigo ɗaya.

A tsaye ake ɗaura ta. In tana kwance aka buɗe, ruwan ne ke shiga detanda ya daskarar da shi, ya lalata agogo, har tiyo ya tsage. Wanda ba shi da wuri sai a kwance, to ya cire ta ya tsayar kafin ya yi aiki da ita. Wurin da ya fi dacewa a akori-kura shi ne kusurwar bodi ta bayan kan mota, inda karo daga baya ba zai same ta ba, nesa da salansa, nesa da jarkokin mai, kuma a yi mata rumfa ko a lulluɓe ta da farin buhu yadda iska za ta ratsa. Saman mota shi ne mafi munin wuri: rana tana dukanta yini guda, reshe na iya fizge ta, in mota ta kife ita ce ta farko a ƙasa.

Bawul shi ne wuyan tukunya, kuma nan ne rauninta. In ya karye, tukunyar tana tashi kamar harsashi. Saboda haka a kan hanya bawul a rufe yake, an saki iskar da ke cikin tiyo, detanda kuma ko an cire shi an ajiye, ko akwai zoben ƙarfe da ya kewaye shi. Hanyoyinmu irin na Banyo da Tibati suna kwance noti da kansu, don haka duk tafiya a sa hannu a girgiza mariƙin a ji.

Darasin da Kamaru ta riga ta biya

Ba sai an kawo mana misali daga waje ba game da abin da CO2 ke yi wa mai numfashi. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Niyos da ke yankin Arewa maso Yamma ya saki wannan iska, ta gangara cikin kwaruruka ta kashe mutane 1,746 da dabbobi wajen 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu. Shekara biyu kafin nan, ranar 15 ga Agusta 1984, tafkin Monun da ke kusa da Fumbot ya kashe mutane 37. Wasunsu fasinjojin wata mota ce da injinta ya mutu a cikin iskar, suka sauko ƙasa suka faɗi, waɗanda ke zaune a samanta suka tsira. Tun 2001 aka kafa bututu a Niyos don fitar da iskar a hankali. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

A iskar da muke shaƙa, CO2 ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu ba. In ta kai kashi 4 cikin ɗari, rai yana cikin haɗari. Daga kashi 7 zuwa 10, mutum yana sumewa cikin mintoci. Ba ta da launi, ba ta da warin da zai farkar da mai barci. Yanzu mu koma allo: kilo 5 suna ba da iska wajen lita 2,700, cikin akori-kura mai ƙofa huɗu kuma bai wuce lita 3,000 da wani abu ba. Ko kashi ɗaya cikin goma na tukunyar ne ya tsiyaye a motar da aka rufe, an kai wajen kashi 8 cikin ɗari. To, wa ke kwana a mota in an yada zango a daji? Yaron mota. Kuma a ƙasa yake shimfiɗa, inda iskar ke taruwa.

Shi ya sa nake cewa tukunya ba ta zama ɗaki ɗaya da mutane. Mai mota rufaffiya da ba shi da bodi, ya ɗaura ta can baya, ya bar gilashi a ɗan buɗe in ana tafiya, ya fitar da ita in za a kwana ko za a faka a rana. In faifan ya fashe ana cikin gudu, ƙara da farin hayaƙi za su rufe direba. Abin yi shi ne a sauke gilashi duka, a tsaya a gefe, kowa ya fita. In ciwon kai ko haki ko jiri ya kama mutanen mota gaba ɗaya ba dalili, a fara zargin tukunya. A gida ma kada a ajiye ta a ɗakin kwana.

Lokacin busawa

Ka sa safar hannu, domin ruwan CO2 in ya fito fili yana zama ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona fata kamar wuta. Ka buɗe bawul a hankali. Saurin da ya sa kake son tukunyar shi ne kuma zai iya wuce da kai, don haka ka busa na daƙiƙa goma ka tsaya ka gwada da geji. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Ka tsaya ta gefen da taya ke taka ƙasa, kada ka durƙusa fuskarka na kallon wili. Wannan ya fi zama dole ga tsofaffin Land Cruiser masu wili mai zobe, wanda in zoben bai zauna daidai ba yake tsalle da ƙarfin da ke kashe mutum.

Wani amfani da tukunyar ke da shi: in tayar da ba ta da tiyub ta fita daga bakin wili, ƙarfin iskarta yana iya mayar da ita. Wannan ya fi dabarar zuba fetur a ƙyasta ashana, wadda ta ƙona fuskoki da yawa. A tuna kuma CO2 tana ratsa roba da sauri fiye da iskar kwamfuresa, saboda haka tayar da aka busa da ita a sake gwada ta bayan kwana biyu ko uku.

To, a saya ko a bari?

Ra'ayina shi ne, direban da ke aiki nesa da inda ake ciko na gaskiya ya fara da kwamfuresa mai kyau da famfon hannu. Suna da jinkiri, amma iskar Allah ba ta ƙarewa. Tukunya ta dace da wanda ke rage iska yana mayarwa sau da yawa a yini, ko ayarin motoci da ke son barin wuri da sauri, kamar hanyoyin da tsayuwa a kansu ba ta da daɗi saboda rashin tsaro. Shi ma kada ya bar kwamfuresa a gida, don ranar da tukunya za ta ƙare agogo ba zai gaya masa ba.

Wanda ya yanke shawarar saye, ya karanta wuyanta kafin ya tambayi kuɗinta. In babu nauyi a rubuce, babu ranar gwaji, ko an goge an sake fenti, ya bar wa mai ita. Masu gida kuma, ku zaunar da yaran motarku ku nuna musu bawul, da faifan, da sikeli, ku gaya musu dalilin da ya sa ba a kwana da ita. Su ne ke ɗagawa, su ne ke busawa, su ne kuma ke kwana kusa da ita, alhali iyayensu amana suka ba ku. Allah ya kai kowa gida lafiya.